Kundin littattafan Gaston Leroux guda huɗu: labaran suna da daraja, bugun ya tauye su

Wani shagon littattafai da ke ciniki ta intanet yana tallar wani kundi da ya haɗa ƙagaggun labarai huɗu na marubucin ƙasar Faransa, Gaston Leroux, cikin harshen da aka rubuta su, an jera su a ƙaramin kwali guda, kuma kuɗin kundin gaba ɗayansa bai kai abin da mutum zai biya ba idan ya sayi biyu daga cikinsu a bugun sanannun maɗaba'un birnin Paris. Littattafan su ne Le Mystère de la chambre jaune, da Le Parfum de la dame en noir, da Le Fantôme de l'Opéra, sai kuma Les Cages flottantes, wanda shi ne farkon labarin wani fursuna mai suna Chéri-Bibi. Na sayi kundin na karance shi tas, kuma ina ganin ya kamata masu karatun Faransanci a Nijar da Kamaru da Cadi, waɗanda arahar za ta fi jan hankalinsu saboda tsadar da littafi yake yi kafin ya iso hannunsu, su san abin da ke cikin kwalin tun kafin su tura kuɗi. Labaran kansu sun fi ƙarfin kuɗin da aka saka musu nesa ba kusa ba, amma aikin maɗaba'ar ya tauye su a daidai wuraren da ƙarfinsu yake.

Dalilin arahar ba ɓoyayye ba ne. Leroux ya rasu a birnin Nice ranar 15 ga Afrilu 1927, saboda haka haƙƙin mallakar rubuce-rubucensa ya daɗe da ƙarewa, kuma duk mai injin buga littafi yana da damar ya ɗauko su ya buga ya sayar ba tare da ya biya magada komai ba. Babu laifi a cikin wannan, hasali ma ta wannan hanya ce tsofaffin littattafai suke isa hannun mai ƙaramin ƙarfi. Sai dai idan an sauke wa maɗaba'a nauyin biyan marubuci, ba a sauke mata nauyin duba rubutu ba, ko nauyin ajiye zane a inda marubuci ya ajiye shi, ko nauyin gaya wa mai saye ko wane ne ya rubuta abin da yake riƙe da shi. A littattafan nan huɗu babu gabatarwa, babu tarihin marubuci, babu ma shekarar da kowane labari ya fara fitowa. Abin da aka rubuta game da mutumin layi biyu ne kacal a bayan bango, inda aka ce ɗan jarida ne da ya ƙirƙiro fatalwar gidan Opera, wato babban gidan wasan waƙe-waƙe na birnin Paris. Ba a ambaci cewa lauya ne ba, kuma a wurina wannan shi ne babban giɓin, domin wanda bai san daga kotu Leroux ya fito ba zai karanta littattafan a matsayin labaran dabara da ban tsoro kawai, ya wuce abin da ya bambanta su da sauran irinsu.

An haifi Leroux a Paris ranar 6 ga Mayu 1868, ya tashi a yankin Normandy a bakin teku, a garin Saint-Valery-en-Caux, ya yi makaranta a garin Eu, sannan ya koma Paris ya karanci shari'a ya kammala a 1889. A 1890 aka rantsar da shi a matsayin lauya, ya yi aikin na kimanin shekara uku. A wajen wannan lokaci ya gaji dukiya mai yawa daga mahaifinsa, caca da shagali suka cinye ta cikin ƙanƙanin lokaci, sai ya shiga rubuta wa jaridar L'Écho de Paris rahoton zaman kotu domin ya rufa wa kansa asiri. Rahoton da ya rubuta kan shari'ar Auguste Vaillant, mutumin da ya jefa bam a zauren majalisar dokokin Faransa a watan Disamba 1893 aka kuma zartar masa da hukuncin kisa a farkon 1894, shi ne ya sa jaridar Le Matin ta ɗauke shi a matsayin wakilinta na kotu. A 1899 yana cikin 'yan jaridar da suka halarci shari'a ta biyu da aka yi wa Kyaftin Alfred Dreyfus a garin Rennes, inda kotun soja ta sake samun mutumin da bai aikata laifi ba da laifin cin amanar ƙasa, ba a wanke shi sarai ba sai a 1906. Daga baya jaridar ta riƙa tura Leroux ƙasashen waje, ya ga juyin juya halin Rasha na 1905 da idonsa, ya je Maroko da Italiya, kafin ya ajiye aikin jarida a 1907 ya rungumi rubutun ƙagaggun labarai. A shekarar ce kuma aka nuna wasan kwaikwayonsa mai suna La Maison des juges, wanda ya fito da adawarsa ga hukuncin kisa a fili.

Duk wannan bai fi shafi biyu ba da maɗaba'ar ta so rubuta shi, kuma da ya canza yadda ake karanta littafin farko na kundin, wato Le Mystère de la chambre jaune, sirrin ɗaki mai launin rawaya, wanda mujallar L'Illustration ta fitar kashi-kashi a ƙarshen 1907, maɗaba'ar Pierre Lafitte kuma ta buga shi littafi a farkon 1908. Labarin ya auku ne a wani tsohon gidan sarauta mai suna Glandier a wajen Paris, inda wani masanin kimiyya, Farfesa Stangerson, yake bincike tare da 'yarsa Mathilde. Wani dare 'yar ta shiga ɗakinta da ke manne da ɗakin binciken, ta kulle ƙofa da makulli ta kuma sa sakata ta ciki, mahaifinta da tsohon baransu Jacques suna zaune a waje suna aiki. Can bayan tsakar dare sai suka ji ihu da ƙarar bindiga daga ciki. Da suka ɓalle ƙofar sai suka tarar da ita a ƙasa jina-jina, ga rauni a gefen kanta, ga shatar yatsu a wuyanta, ga sawun hannu mai jini a bango, ga wani ƙashin tunkiya da wata tsohuwar hula a yashe, amma babu kowa a ɗakin sai ita. Taga ɗaya ce a ɗakin, tana da sandunan ƙarfe, an kuma rufe ta ta ciki. Daga nan aka shiga gasa tsakanin shahararren jami'in binciken 'yan sanda Frédéric Larsan da wani yaro ɗan jarida mai shekara goma sha takwas, Joseph Rouletabille, wanda abokinsa Sainclair, shi ma lauya ne, yake ba mu labarinsa.

Hannun lauya a bayyane yake ko'ina a littafin. An gina shi ne kamar fayil ɗin shari'a: ga yankin rahoton jarida, ga tambayoyin da alƙali mai bincike ya yi wa shaidu kamar yadda magatakardan kotu ya rubuta su, ga shafuka daga littafin aljihun Rouletabille, ga kuma zaman kotu a Versailles a ƙarshe, inda yaron ya kutsa cikin cunkoso ya ce ya san mai laifin amma ba zai faɗi sunansa ba sai ƙarfe shida da rabi. Abin da ya fi taɓa ni shi ne gargaɗin da yaron ya yi wa Larsan tun a farkon bincike, cewa akwai babban haɗari idan mai bincike ya fara yanke wa kansa ko wane ne mai laifi, sannan ya shiga neman hujjojin da za su dace da wanda ya zaɓa, domin ta nan ake ɗaure marar laifi. Mutumin da ya zauna a kotun Rennes ne ya rubuta wannan, shekara guda bayan an wanke Dreyfus, kuma ba na jin da wasa ya rubuta shi. Sawun takalmi da ƙyallen da aka yar da sandar da aka gani a hannun wani duk suna nuna Robert Darzac, saurayin Mathilde, kuma Rouletabille ya ƙi yarda da su har sai sun shiga cikin da'irar da hankali ya zana. Ko alƙali mai binciken, Monsieur de Marquet, wanda yake rubuta wasan kwaikwayo a ɓoye da sunan aro, ya kuma fi son al'amarin ya ci gaba da zama abin mamaki a kan a warware shi, hoto ne da sai wanda ya yi zirga-zirga a harabar kotu zai iya zanawa.

A nan ne bugun ya yi mummunar ɓarna. Leroux ya saka zanen taswira a littafin: ɗaya tana nuna ɗakin rawaya da ɗakin bincike da zaure da inda kowace ƙofa da taga take, wata kuma tana nuna dogon baranda na benen gidan, inda aka yi abin mamaki na biyu. A wannan dare Rouletabille ya tsayar da mutane a kowace mafita ta barandar, aka koro mai laifin daga ɗaki, aka biyo shi ta ko'ina, sai masu binsa suka yi karo da juna a mahaɗar barandar, shi kuwa ya ɓace kamar ƙasa ta haɗiye shi. Marubucin ya faɗa da bakin Sainclair cewa ya ba mai karatu zanen ne domin ya samu duk abin da Rouletabille ya samu, ya gwada warware matsalar da kansa. A bugun da ke cikin kundin, jimlar da ke cewa ga zanen tana nan, bayanin lambobin da ke nuna kowane wuri yana nan a jere, amma zanen babu shi, sai farin fili mai faɗin yatsa uku a tsakiyar shafi. Wannan daidai yake da a sayar wa mutum gona ba a nuna masa iyaka ba. Na karanta babin barandar ina zana layuka a gefen shafi da fensir domin in gane inda kowa ya tsaya, kuma na tabbata wanda ya fara haɗuwa da labarin ta wannan bugu zai ɗauka marubucin ne ya kasa bayani, alhali kuwa an cire masa rabin bayaninsa ne.

Haka kuma maɗaba'ar ta mayar da dukan takardun shari'ar nan rubutu iri ɗaya. A bugu mai kyau ana gane inda rahoton jarida ya fara da inda ya ƙare, ana gane tambayar alƙali da amsar shaida, ana gane lokacin da Sainclair ya yi shiru aka koma littafin aljihun abokinsa. A nan kuwa komai ya cakuɗe, har mai karatu ya yi nisa kafin ya lura cewa mai magana ya canza. Leroux yana yawan karkatar da haruffa a jimlolin da yake so a riƙe, domin daga baya su ne za su zama hujja, kuma duk wannan ya shafe. A labarin da ya dogara kacokan kan wane ne ya faɗi me, da kuma lokacin da ya faɗa, wannan ba ƙaramar asara ba ce.

Ba zan ce littafin ba shi da rauni nasa na kansa ba. Akwai wuraren da sai an yi wa marubucin uzuri, musamman yadda wani mutum yake iya sauya kama har waɗanda suka san shi su kasa gane shi, kuma Mathilde, wadda a kanta komai ya faru, ba a ba ta bakin magana yadda ya kamata ba. Amma warwarar asirin ɗakin ta gaskiya ce, babu ɓoyayyar ƙofa, babu aljani, babu wata dabarar da aka ɓoye wa mai karatu, kuma wannan ne ya sa marubuta labaran bincike irin su John Dickson Carr da Agatha Christie suka yaba masa a cikin nasu littattafan shekaru da yawa bayan rasuwarsa.

Le Parfum de la dame en noir, wato ƙamshin turaren mace mai baƙaƙen kaya, ci gaban na farko ne, ya fito a 1908, kuma an kai labarin wata tsohuwar ganuwa a bakin teku kusa da Menton, a kan iyakar Faransa da Italiya. A nan an juya matsalar: maimakon mutum ya ɓace daga rufaffen wuri, gawa ce ta bayyana a wurin da aka ƙirga kowa aka kuma tsare kowace ƙofa. Littafin ya fi na farko zafin zuciya, domin a nan ne ake sanin asalin Rouletabille da abin da ya haɗa shi da matar mai baƙaƙen kayan, amma bai kai shi tsari ba, kuma kuka da suma da kirari sun yi yawa a tsakiyarsa. Laifin maɗaba'ar a nan ya fi ba ni takaici saboda sauƙin kauce masa. Taƙaitaccen bayanin da aka buga a bayan bangon wannan littafi ya ambaci sunan mai laifin littafin farko ƙarara, kuma a kwalin da ya iso mini shi ne aka sa a gaba, bangon bayansa yana kallon waje. Babu lamba a jikin littattafan da za ta nuna wanda ake fara karantawa. Duk wanda ya riga ya sayi kundin, ya zaro wannan littafi ya kife shi a wani wuri, kada ya duba bayansa ko shafukansa na farko sai ya gama da ɗakin rawaya.

Le Fantôme de l'Opéra, wato fatalwar gidan Opera, shi ne wanda ya fi shahara a duniya, ko da yake yawancin waɗanda suka san sunan ta fim ɗin 1925 da Lon Chaney ya fito a ciki suka san shi, ko ta wasan waƙe-waƙen da Andrew Lloyd Webber ya fara nunawa a Landan a 1986. Jaridar Le Gaulois ce ta fitar da shi kashi-kashi daga watan Satumba 1909 zuwa Janairu 1910, kafin a buga shi littafi a 1910. Wanda ya zo da tunanin labarin soyayya kawai zai yi mamakin yadda aka buɗe shi, domin marubucin ya fito ne a matsayin mai bincike, ya ce fatalwar mutum ne da ya rayu da jini da tsoka, sannan ya shiga jera hujjojinsa: takardun ajiya na gidan Opera, da littafin tunawa na ɗaya daga cikin shugabannin gidan, da hirar da ya yi da alƙalin da ya binciki lamarin, da takardun wani baƙo da ake kira Bafarishe. Ya ɗinke ƙage da gaskiya ta yadda ba a ganin zaren. Ginin da Charles Garnier ya zana, wanda aka buɗe a 1875, da gaske yana da babbar ma'ajiyar ruwa a ƙarƙashinsa, ita ce Leroux ya mayar tafki. A watan Mayu 1896 da gaske wani ƙarfe daga cikin masu riƙe nauyin babbar fitilar zauren ya tsinke ya faɗo kan 'yan kallo ya kashe mace ɗaya. A ƙarshen 1907 da gaske an binne faya-fayan muryoyin manyan mawaƙa a ƙasan ginin, shi kuwa sai ya ƙara da cewa ma'aikatan sun tono ƙwarangwal a lokacin.

Ƙarfin littafin yana wurin Erik, wato fatalwar, mutumin da aka haifa da fuskar da mahaifiyarsa ma ta kasa kallo, mai baiwar waƙa da gini, wanda ya kafa wa shugabannin gidan sharaɗin su bar masa ɗakin kallo mai lamba 5 su kuma riƙa biyan sa faran dubu ashirin kowane wata. Ya yi kisa, ya sace mawaƙiya Christine Daaé, ya gina ɗakin azaba da madubai, kuma marubucin bai wanke shi daga ko ɗaya ba. Amma a ƙarshe ya yi abin da lauyan mai laifi yake yi bayan an tabbatar da laifi, ya tsaya ya bayyana yadda mutumin ya zama abin da ya zama, ya roƙa masa tausayi. Raoul, saurayin Christine, ba shi da wani nauyi, kishi da hawaye ne kawai, kuma yadda aka zana ƙasar Farisa a matsayin fadar zalunci da sihiri ya nuna irin kallon da Turawan wancan zamani suke yi wa Gabas, abin da mai karatu Musulmi ba zai kasa lura da shi ba. Duk da haka Bafarishen shi ne mutum mafi hankali da amana a littafin, kuma babukan da ya ba da labari da bakinsa su ne mafi kyau.

A kan wannan littafi dole in yaba wa kundin da abu ɗaya mai muhimmanci: rubutun cikakke ne, ba a yanke komai ba. Fassarar Ingilishi ta 1911 da Alexander Teixeira de Mattos ya yi, wadda ita ce ta fi yawo kyauta a intanet da cikin bugu masu araha, an datse mata sassa da yawa, don haka masu karatu a Najeriya da Ghana da suka san labarin ta wannan fassara ba su karanta shi duka ba. Wanda ya iya Faransanci zai samu dukansa a nan. Abin da ya rage masa daraja shi ne bayanan ƙasan shafi, waɗanda Leroux ya yi amfani da su domin ƙarfafa siffar bincike, an cusa su cikin tsakiyar labari ba tare da wata alama ba, har wani lokaci jimla takan katse a rabi, bayani ya shigo, sannan ta ci gaba.

Littafi na huɗu shi ne wanda ya fi kusa da zuciyar lauyan, kuma shi ne aka fi zalunta. Labarin Chéri-Bibi ya fara fitowa a jaridar Le Matin a 1913. Yaron mahauci ne daga yankin Dieppe da aka ɗaure kan kisan da bai yi ba, daga nan kowane yunƙuri da ya yi na kuɓuta sai ya jefa shi cikin laifi na gaske, shi kuwa kullum yana ɗora abin a kan ƙaddara. Les Cages flottantes yana faruwa ne a cikin jirgin ruwa mai suna Bayard, wanda yake ɗauke da fursunoni a cikin kejin ƙarfe zuwa sansanin gwale-gwale na Cayenne a Guyane, yankin Faransa da ke Kudancin Amurka, inda Faransa ta riƙa tura masu laifi tun daga 1852, na ƙarshensu ba su baro wurin ba sai a 1953. Babukan farko, inda ake nuna zafi da wari da cunkoson kejin da yadda masu gadi suke kewaye su da bindiga, suna cikin mafi ƙarfin abin da Leroux ya rubuta, sannan fursunonin suka yi bore suka ƙwace jirgin. Matsalar ita ce wannan rabin labari ne. Ya tsaya ne a kan wani babban juyi da ya shafi wani likita fursuna da wani attajiri mai sarauta da aka tsamo daga teku, kuma sakamakon juyin yana cikin kashi na biyu mai suna Chéri-Bibi et Cécily, wanda babu shi a kundin, ba a kuma faɗa a talla ko a bango cewa akwai shi ba.

Game da jikin littattafan, Hausawa sun ce araha ba ta ado. Takardar siririya ce har rubutun bayan shafi yana leƙowa, haruffan ƙanana ne, kuma gefen ciki ya matse ta yadda sai an danne littafi kafin a karanta ƙarshen layi. Da gam aka haɗa shafukan ba da ɗinki ba, kuma a zafin ƙasarmu gam irin wannan ba ya jimawa. Littafin fatalwa, wanda ya fi kauri, ya fara sakin shafukan tsakiya tun kafin in kai ƙarshensa. Kurakuran rubutu irin na na'urar da ke ɗaukar hoton shafi ta mayar da shi haruffa suna da yawa, alamomin saman wasula sun faɗi a wurare, an raba kalma ɗaya biyu, an haɗe biyu wuri guda. Wanda ya ƙware a Faransanci zai gyara da ido ya wuce, amma ɗalibin da yake so ya ƙarfafa harshensa da waɗannan labarai zai kwashi kuskure yana zaton daidai ne, saboda haka ban ga dacewar a saya wa 'yan makaranta shi ba.

Shagon kansa bai yi laifi a wajen aikawa ba. Kaya ya iso a cikin lokacin da aka faɗa, an naɗe kwalin da kyau, babu inda ya lanƙwashe ko ya jiƙe. Da na rubuta musu game da zanen da babu da kuma rabin labarin Chéri-Bibi, sun amsa da ladabi washegari, suka ce haka maɗaba'ar ta kawo musu kuma za su isar da ƙorafin, amma ba su yi tayin musanya ko mayar da wani abu daga kuɗin ba, kuma har lokacin da nake wannan rubutu tallar tana nan yadda take, ba a ƙara ko kalma ɗaya da za ta faɗakar da mai saye ba.

Kundin zai iya amfanar wanda ya riga ya san labaran yake kuma son kwafin da zai jefa a jaka ba tare da damuwa ba, ko wanda cikakken Le Fantôme de l'Opéra kawai yake nema. Wanda zai fara karanta Leroux kuwa gara ya sayi Le Mystère de la chambre jaune shi kaɗai a bugun wata sananniyar maɗaba'a irin Le Livre de Poche, ko da na hannu ne, ya kuma nemi mai shago ya turo masa hoton shafin da taswirar ɗakin take kafin ya biya. Wanda ya riga ya sayi kundin yana iya cike giɓin ba tare da ya ƙara kashe kuɗi ba, domin Gallica, ma'ajiyar intanet ta babban ɗakin karatun ƙasar Faransa, da sashen Faransanci na Wikisource suna ɗauke da ayyukan Leroux kyauta. A irin waɗannan wurare ne ya kamata ya nemi tsohon bugu mai zane ya kwafi taswirorin a takarda ya soke su a cikin littafinsa, sannan ya nemi Chéri-Bibi et Cécily domin ya ji yadda fursunan ya ƙare bayan ya sauka daga jirgin.